Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin NCAA da NAMA: jirgi tun yana ƙasa yake ɓatan hanya

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, da Manajan Daraktan Hukumar Kula da Sararin Samaniyar Najeriya, NAMA.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da aiki.

Ni tsohon ma'aikacin ɗakin tsara tafiya ne a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ban taɓa tuƙa jirgi ba, ban kuma taɓa zama a kujerar hasumiyar da ke ba jirage umarnin tashi da sauka ba. Aikina shi ne in haɗa wa matuƙi takardunsa kafin ya tashi: hanyar da zai bi, tsayin da aka nema masa, man da zai sha, yanayin da zai tarar, da filin da zai koma idan wanda ya nufa ya ƙi karɓarsa. Na ajiye aiki, amma har yau idan jirgi ya ratsa ta saman gidana sai na ɗaga kai na duba agogo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne awa ɗayan nan da matuƙi ke yi a ƙasa kafin ya shiga ɗakin tuƙi. Tun muna aiki ake yanka ta guntu-guntu, kuma a ganina a cikinta ake ɓatan hanya, tun kafin a kunna inji.

Bari in fara da laifina, don kada ku ce tsoho ya zo wanke kansa.

Wata asuba cikin hunturu, hazo ya rufe gari har sai ka matso kake ganin fitilun bakin titin jirgi, muna da jirage biyu masu tashi kusan lokaci guda, ɗaya Sakkwato ɗaya Maiduguri. A ofis na kwana, shayi ya huce a kofi, waya sai ƙara take yi. Na miƙa wa wani kyaftin jakar takardunsa, dattijo ne mai furfura a gemu. Ya zauna kamar yadda ya saba, ya zaro fensir daga aljihun gaba, ya fara bi layi-layi. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina kallon agogo, a raina ina cewa wannan bawan Allah akwai nawa. Can sai ya ɗago ya ce, "Malam, yau Sakkwato ta koma gabas ne?" Na leƙa. Bangon jakar Sakkwato aka rubuta, takardun ciki kuwa na Maiduguri ne. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in kawo nasa, ya sake bi tun daga farko, ya sa hannu, sannan ya ce in samu in runtsa. Da irin waɗanda ke sa hannu a tsaye da waya a kunne ne, Allah kaɗai ya san inda za a gano kuskuren.

Wannan asubar ce ta faɗo mini a rai ranar 26 ga Nuwamba 2023, da jirgin wani kamfani ya tashi daga Legas da fasinjojin Abuja ya sauke su a Asaba, har ma'aikatan ciki suka yi musu maraba da zuwa Abuja. Kamfanin ya ce yanayi ne ya sa aka karkata. Ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya fito ya ce bayanan hasumiya sun nuna tun daga Legas Asaba matuƙin ya nufa. Jirgin haya ne da matuƙansa baƙi, kuma NCAA ta dakatar da jiragen hayar kamfanin. Mutane sun yi ta raha a Facebook, ni dai ban yi dariya ba. Abin da ya tsorata ni shi ne jirgin bai saɓa wa kowa ba a sama: hanyar da aka ba shi ya bi, tsayin da aka ba shi ya tsaya, hasumiya ba ta ga laifinsa ba. A ƙasa aka yi ɓatan. Na ƙofar shiga sun san Abuja, na ɗakin tuƙi sun san Asaba, kuma ba a samu mutum ɗaya da ya buɗe baki ya tambayi ɗan'uwansa ina aka nufa ba. An ce matambayi ba ya ɓata, to ranar ba a yi tambayar ba.

Ku kun san abin da zan faɗa yanzu, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in yi wa sauran masu karatu bayani. Sama ba fili ba ne da kowa zai bi inda ya ga dama. Akwai hanyoyi masu suna da lamba, akwai mahaɗu da aka raɗa wa sunaye masu harafi biyar, akwai kuma hawa-hawa kamar bene. Wanda ya nufi ɓangaren gabas ana ba shi tsayi mara, kamar ƙafa 25,000 ko 35,000. Wanda ya nufi yamma a ba shi cika, kamar 24,000 ko 34,000. Tun 2008 aka rage tazarar da ke tsakanin jirage a sararin Afirka, daga ƙafa 29,000 zuwa 41,000, ta dawo ƙafa 1,000 maimakon 2,000. Ƙafa 1,000 kusan mita 300 ke nan, tafiyar da yaro zai yi a aike shi shago ya dawo miya ba ta huce ba. Jirage biyu da suka fuskanci juna kuwa suna cinye kilomita guda cikin sakan biyu da 'yan kai. Babu birki, babu gefen titi. Abin da ya raba su kawai shi ne alkawari: an ce ka tsaya nan, ka ce ka ji, ka kuma tsaya.

Duk sararin Najeriya a taswirar matuƙan duniya da sunan Kano aka san shi, ɗaya daga cikin garuruwan da jirgi ya fara sauka a ƙasar nan a 1925. Wannan abin alfahari ne, amma kaya ne mai nauyi, domin mu a mararraba muke. Masu tasowa daga Turai zuwa kudancin Afirka suna ratsa mu daga arewa zuwa kudu, galibi cikin dare. Alhazai kuma suna yanke su daga yamma zuwa gabas.

Mako ɗaya a Nuwambar 1996 ya isa darasi. Ranar 7 ga wata jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Jami'in da ke kula da shi ya ɗauka ya riga ya saukar da shi zuwa ƙafa 10,000, alhali yana can sama. Da ya fara gangarowa sai ya yi kiciɓis da wani jirgin da ya taso daga Legas, na'urar gargaɗin karo ta yi kuka, matuƙin ya karkata da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya kife ya faɗa ruwa a Ejirin, kusa da Legas. Mutum 144, ba wanda ya fita. Kwana biyar bayan haka, ranar 12 ga wata, kusa da Delhi a Indiya, aka ce wa jirgin Kazakistan ya tsaya a ƙafa 15,000, aka ba jirgin Saudiyya 14,000. Na Kazakistan ya ci gaba da sauka, suka haɗu, mutum 349 suka mutu. A na farko jami'in ƙasa ne ya riƙe abin da ba haka ba a kansa, a na biyu matuƙa ne suka ji umarni ba su riƙe ba. Shi ya sa na haɗa ku biyu a wasiƙa ɗaya. Idan NCAA ta ce matsalar ta hasumiya ce, NAMA ta ce ta matuƙa ce, fasinja ba ruwansa da wanda ya yi gaskiya.

Maganin da aka gada ga wannan ba tsada gare shi ba. Jami'i ya ba da umarni, matuƙi ya maimaita shi da lambobinsa da sunan kiran jirginsa, jami'i ya saurari maimaicin da kunnen neman kuskure. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma duk wanda ya daɗe yana sauraron rediyon jirage ya san yadda sabo ke cin wannan ƙa'ida. Matuƙi ya gaji, sai ya amsa da kalma ɗaya. Jami'i yana da jirage takwas a kansa, kafin wannan ya gama maimaitawa hankalinsa ya koma kan na gaba. Ina roƙon ku ku riƙa ɗauko faifan maganganun nan haka kawai, ba sai an yi haɗari ba, ku zauna da matuƙa da jami'ai a ɗaki ɗaya a saurara tare. Mutum in ya ji muryarsa yana haɗiye lamba, ya fi jin kunya fiye da a aiko masa takardar gargaɗi.

Akwai wata cuta kuma da ta fi kama mu, mu da aka rena da girmama na gaba. A 1989 a Brazil, wani jirgin kamfanin Varig zai tashi daga Maraba zuwa Belem, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A takarda an rubuta alkibla 0270, ma'ana digiri 27 da ɗigo sifili, wato arewa maso gabas kaɗan. Kyaftin ɗin yana hutu lokacin da kamfani ya sauya salon rubutun, sai ya karanta 270, yamma sak. Mataimakinsa da ya shigo bai duba takarda ba, abin da ya gani a gaban maigidansa ya kwafa. Suka yi ta tafiya rana tana faɗuwa a gaban idonsu, suka yi ta bulayi har mai ya ƙare suka faɗa dajin Amazon, mutum fiye da 10 suka rasu. Amfanin mutum biyu a ɗakin tuƙi shi ne kowa ya karanta da idonsa. To a wurinmu yaro ɗan shekara ashirin da biyar da ya fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, an sha wahala kafin a samar masa gurbi, yana zaune kusa da sa'an mahaifinsa, da wane baki zai ce "Ranka ya daɗe, wannan lambar ba daidai ba ce"? Na ga mataimakan da suka ga kuskure a gabana suka yi shiru, sai da kyaftin ya fita suka raɗa mini in gyara. Kunya ado ce a zaure, a ɗakin tuƙi kuwa tana iya zama ajali. Horon da kuke tilasta wa kamfanoni kan aiki tare a ɗakin tuƙi, ku duba ko ana yin sa da gaske, ko kuwa zama ake yi a sha lemo a karɓi takardar shaida.

Sai maganar baƙi. Baƙo ko da ido makaho ne. Ranar 15 ga Maris 2008 wani ƙaramin jirgi ƙirar Beechcraft 1900D ya tashi daga Legas zuwa filin Bebi da ke kusa da Obudu, da ma'aikata uku. Ya ɓace, aka yi ta nema, sai ƙarshen Agusta mafarauta suka tsinci tarkacensa a duwatsun Kuros Riba. Binciken ya nuna matuƙan ba su saba da hanyar ba, ga gajimare ya sauko, ga tsaunuka. Sun ambaci mahaɗun da ba sa cikin takardar hanyarsu, masu sauraro a ƙasa ba su lura ba. Na'urar da ke gargaɗin an kusa cin karo da ƙasa ta yi kira ba a amsa da wuri ba. Waɗannan a cikin gida ke nan. Ina ga wanda aka ɗauko haya daga wata nahiya, aka sauke shi jiya da daddare, yau da safe aka ce ya kwashi alhazai?

Mutanen Sakkwato ba su manta 11 ga Yuli 1991 ba, ranar da jirgin DC-8 da Nigeria Airways ta yi haya daga wani kamfanin Kanada ya kama wuta bayan tashi daga Jidda, mutum 261 suka rasu. Tayoyin da ba su da isasshiyar iska ne suka jawo gobarar. Amma a cikin wannan tashin hankali kyaftin ya kira hasumiya da sunan kamfaninsa na asali maimakon sunan kiran Najeriya, jami'in ya ɗauka wani jirgin Saudiyya ne ke magana, aka yi kusan minti uku ba a fahimci juna ba. Ba wannan ya kashe su ba, amma ya nuna yadda harshe ke komawa gidansa na asali idan rai ya ɓaci. Duk shekara muna hayar jirage da matuƙa don aikin Hajji. Tun da yaƙi ya rufe sararin Sudan a Afrilun 2023, hanyar da aka saba ta miƙe gabas ta koma zagaye mai tsawo. A Agustan shekarar kuma Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata guda. Hanya tana iya sauyawa cikin dare ɗaya. Matakin da aka sanar bayan abin Asaba, na zaunar da matuƙi ɗan ƙasa a ɗakin tuƙin jiragen haya, mataki ne mai kyau. Abin da nake so ku gaya wa jama'a shi ne wa ke zuwa ya leƙa ya tabbatar yana zaune a wurin, musamman da ƙarfe ukun dare a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri lokacin jigilar alhazai.

Ranka ya daɗe shugaban NAMA, na san an kashe kuɗi a kan na'urorin rada, masu nuna inda jirgi yake a sama, da aka ƙaddamar a 2010, har da tashoshin Talatar Mafara da Numan da Maiduguri. Amma na'ura tana tsufa, kuma rada ba ta magana, rediyo ke yi. Inda na fi jin tsoro shi ne bakin iyaka, wurin da Kano ke miƙa jirgi ga Yamai ko Njamena. A ranar 13 ga Satumba 1997 wani jirgin sojan Jamus da ya sha mai a Yamai ya nufi kudu, ya zauna a ƙafa 35,000, tsayin da bai dace da alkiblarsa ba a ƙa'idar wancan lokacin. Labarin tahowarsa bai isa ga masu kula da sararin gaba yadda ya kamata ba. Ya yi karo da jirgin sojan Amurka a gaɓar Namibiya, mutum 33 suka mutu. Har yau matuƙan da ke ratsa wasu sassan Afirka suna sanar da junansu inda suke a zangon rediyo na 126.9, wasu kuma suna ɗan matsawa mil ɗaya ko biyu dama da tsakiyar hanya, kamar yadda ƙa'ida ta yarda. Wannan dabara ce ta wanda bai gama sakin jiki da na ƙasa ba. Duk tsamin da siyasa za ta yi tsakanin Abuja da Yamai, layin wayar da ke tsakanin jami'an biyu bai kamata ya mutu ko na minti ɗaya ba.

Su kansu jami'an mutane ne. Ƙungiyarsu ta daɗe tana kukan ƙarancin ma'aikata da yawan aiki, kuma a Nuwambar 2021 ɗaya daga cikinsu ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki a Abuja, ya rasu. Wanda bai yi barci ba ba zai kama kuskuren wani ba, na gaya muku yadda ta kasance da ni da jaka biyu kacal.

Kada a fahimce ni da cewa matuƙi ya bi hanya ido rufe. Idan hadari ya taso daga gabas a farkon damina ya tsaya masa a gaba kamar bango, dole ya kauce, amma ya nemi izini, in kuma abin ya zo da gaggawa ya kauce yana faɗa. Idan na'urar gargaɗin karo ta ce hau, jami'i ya ce sauka, na'urar ake bi. Wannan an koye shi da jinin mutum 71 a sararin kudancin Jamus a Yulin 2002. Shiri shi ne mutum ya san waɗannan tun yana ƙasa, ya yanke shawararsa kafin zufa ta karyo masa. Wani lokaci kuma shirin gaba ɗaya shi ne a ce ba za a tashi ba. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin iska mai juyawa, bayan an sanar da matuƙan halin da ake ciki. Bai yi nisa ba ya faɗo, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansu. Hausawa sun gama magana tun kafin a ƙera jirgi: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai dai ƙin tashi yana da tsada, kuma matuƙi ke biya. Na sha ɗaukar waya in ji manaja yana cewa, "Wane yana ciki fa, ku san yadda za ku yi." Na ga fasinjoji sun taso wa ma'aikaciyar kanta kamar za su cinye ta don an ce hazo ya hana sauka, wani yana cewa ɗaurin aure zai wuce shi. Na ga kyaftin ɗin da ya ce sai an ƙara masa mai, wata na zagayowa aka rage masa tafiye-tafiye, ba wanda ya ce masa don me. A nan ne hukuma ke da amfani. Idan matuƙi ya san akwai inda zai kai ƙara a ɓoye sunansa, kuma kamfani ya san za a tambaye shi dalili, zai iya cewa a'a. Haka nan wanda ya zarce tsayin da aka ba shi da ƙafa 300 ya dawo ba wanda ya gani, a ba shi hanyar da zai faɗa da bakinsa ba tare da an karɓe masa lasisi ba, in dai ba ganganci ya yi ba. Ku tara irin waɗannan, ku fitar da adadinsu duk shekara ba tare da sunaye ba: sau nawa aka kauce hanya, sau nawa aka zarce tsayi, a wane yanki, da wane lokaci. Rahotannin NSIB, hukumar binciken haɗurra, muna ganinsu, amma su bayan an yi jana'iza suke fitowa. Ku kuma sa a riƙa yi wa fasinja bayanin jinkiri da harshen da yake ji; tsohuwar da za ta Umara daga Kano in aka ce mata da Hausa hazo ne, ba a ganin titi, addu'a za ta yi muku.

Abu na ƙarshe da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ku turo masu bincikenku ɗakunan tsara tafiya da asuba ba tare da sanarwa ba, ba da rana tsaka bayan an share ofis an sayo lemo ba. Su zauna a kusurwa su duba agogo: ƙarfe nawa matuƙa suka iso, minti nawa suka yi da takarda ko allon da ya maye gurbinta, sun karanta sanarwar rufe titi da ta hanyoyin da aka hana bi, kamar hanin shawagi da aka sa wa Zamfara a Maris 2021, ko kuwa yatsa kawai suka ja. Su ji ko kyaftin da mataimaki da shugabar ma'aikatan ciki sun haɗu sun faɗi sunan garin da za su da bakinsu. Idan kun zo Kano, ku fara da jiragen ƙarfe shida zuwa bakwai na safe a watan Janairu, lokacin da hazo ya fi kauri, wanda ke kan tebur kuma tun jiya yake wurin.

Allah ya taya ku riƙo, ya sauki kowa lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin tsara tafiya,
Kano.